Walker Brothers: me ya kai 'yan Amurka uku neman suna a Ingila?

Tambaya: Malam, na karanta cewa Walker Brothers mawaƙa uku ne 'yan Amurka da ba su yi kasuwa a gida ba, sai da suka koma Landan a 1965 tauraronsu ya haska. Abin ya ɗaure mini kai, domin a wancan lokacin mawaƙan Ingila ne ke tururuwa zuwa Amurka. Me waɗannan suka hango a Ingila? Kuma tunda sun samu abin da suka je nema, me ya watsa su cikin shekara biyu kacal?

Amsa: Tambayoyinka biyu ne, ɗan'uwa, amma bakinsu ɗaya. Abin da ya ɗaga su a Ingila shi ne ya raba su. Sun sauka Landan su uku, kowa da aikinsa a ƙungiya, sai Ingila ta zaɓi muryar mutum ɗaya ta saya, sauran biyun ta ajiye su don hoto.

Amma bari in fara da ɗan gyara. Ba daidai ba ne a ce sun kasa a gida. John Maus, mai jita kuma jagoran waƙa, ya daɗe yana aiki da sunan John Walker a gidajen rawa na Los Angeles. Scott Engel, wanda aka haifa a jihar Ohio a 1943, tun yana yaro yake waƙa a talabijin ƙarƙashin inuwar mawaƙi Eddie Fisher, daga baya ya koma kaɗa jitar bes. A 1964 suka haɗu suka raɗa wa kansu Walker Brothers, alhali ba uwa ba uba da suka haɗa, kuma babu wanda aka haifa da sunan Walker a cikinsu. Suna da aiki tsayayye a kulob ɗin Gazzarri's da ke Hollywood, ana ganinsu a shirin talabijin na Shindig, kuma suna da kwantiragi da kamfanin faifai na Smash. Wato da waƙa suke ci suke sha. Abin da suka rasa shi ne hanyar fita daga kulob ɗin unguwa zuwa kunnen ƙasa baki ɗaya.

Hanyar kuwa a toshe take ta fuska biyu. Ran 9 ga Fabrairu 1964 Beatles suka bayyana a shirin Ed Sullivan, mutum wajen miliyan 73 suka kalla, kuma kafin Afrilu ta yi nisa waƙoƙinsu ne suka cika matsayi biyar na farko a Billboard, jadawalin waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka. Daga nan gidajen rediyon Amurka suka shiga farautar duk mai dogon gashi da harshen Ingila. Saurayi ɗan Kalifoniya mai jita ya zama kayan gida, ba ya ba kowa sha'awa. Fuska ta biyu ta fi wannan tsanani. Salon da ya fi dacewa da muryar Scott, wato waƙar soyayya mai nauyi da makaɗa jingim a bayanta, yana da masu shi a garin da suke zaune: Righteous Brothers, su ma ba 'yan'uwan juna ba, waɗanda furodusa Phil Spector ya kai matsayi na ɗaya a farkon 1965. Duk iyawar Scott, a Los Angeles cewa za a yi kwaikwayo yake yi.

Gary Leeds ne ya zo da shawarar ƙaura. Shi mai ganga ne, ya taɓa zama a ƙungiyar Standells, kuma a 1964 ya raka P.J. Proby zagayen wasanni a Ingila. Proby mutumin Texas ne da ba a damu da shi a gida ba, amma Gary ya ga da idonsa yadda 'yan matan Ingila ke ihu a kansa. Da ya dawo ya tarar da John da Scott a kulob, ya ce musu ga inda kasuwa take. Ba baki kawai ya kawo ba, kuɗin tafiyar ma daga gidansu suka fito, shi ya sa ya gaji kujerar mai gangar da suke da shi a da. Ka riƙe wannan: Gary ya shiga ƙungiyar ne da dabara da guzuri, ba da murya ba. Kowannensu kuma da abin da ya ja shi. John suna yake nema. Scott ya sha faɗa daga baya cewa fina-finan Turai da rayuwar Turai ne suka ɗauki hankalinsa. Sannan a 1965 ne Amurka ta ƙara ƙaimi wajen ɗibar samari zuwa yaƙin Biyetnam, kuma dukkansu shekarunsu na ɗiba ne.

To me ya sa Ingila ta fi sauƙin fasawa? Mutane kan ce ai baƙo farin jini gare shi. Gaskiya ne, samari dogaye masu gashi har wuya da harshen Amurka sun fita daban a lokacin da kowace ƙungiya daga Libaful ko Manchesta take fitowa. Mai hankali kan kai kayansa kasuwar da babu irinsu. Amma wannan rabin bayani ne. Sauran rabin yana cikin tsarin ƙasar. Amurka a lokacin tana da mutum kusan miliyan 194 da dubban gidajen rediyo, kowane gari da nasa. Waƙa kan yi tashe a wata jiha, maƙwabciyarta ba ta taɓa jin ta ba. Birtaniya mutum wajen miliyan 54 ne, tashoshin talabijin uku. Idan ka fito a Top of the Pops ran Alhamis, ka fito a Ready Steady Go ran Juma'a, hotonka ya hau jaridun waƙa na mako irin su NME da Melody Maker, to kafin Asabar ƙasar duka ta san fuskarka. Ga kuma gidajen rediyon da ke watsa shiri daga jiragen ruwa a bakin teku, Radio Caroline da Radio London, waɗanda suka fara a 1964 suna sa faifai dare da rana, a lokacin da BBC ke da ƙayyadaddun sa'o'in sa faifai. Ƙofofin ba su da yawa, kuma duk a Landan suke. Wanda ya samu mabuɗin uku ko huɗu ya gama.

Akwai wata sa'a da ba a cika ambata ba. A lokacin Smash reshen kamfanin Mercury ne, Mercury kuma mallakar kamfanin Philips ce, mai reshen faifai a Landan. Saboda haka da suka sauka Landan a Fabrairu 1965 ba su yi yawon neman kamfani ba, kwantiraginsu da kansa ya miƙa su ga Philips. Duk da haka watannin farko ba su ji da daɗi ba: sanyi, ɗakin haya, ba aiki, guzuri yana ƙarewa. Abin da ya cece su faifan da suka naɗa tun a Amurka ne, "Love Her". Wajen naɗar sa an ga waƙar tana bukatar murya mai kauri, sai aka ce ɗan bes ya gwada, John ya koma yi masa amshi. Faifan ya kai matsayi na 20 a Birtaniya a tsakiyar 1965. Lamba 20 ba abin kaɗa ganga ba ce, amma ta isa ta gaya wa kamfani wace murya jama'a ke so. Daga ranar aka gama rabon muƙamai, ko da yake John bai san an gama ba.

Nan ne Johnny Franz ya shigo, kuma a ganina duk wanda ya ba da labarin ƙungiyar nan bai ba Franz kaso mai tsoka ba ya yi rowa. Shi ne furodusan Philips, shi ke naɗar waƙoƙin mawaƙiya Dusty Springfield, kuma asalinsa makaɗin fiyano ne da ya shafe shekaru yana raka mawaƙa, saboda haka ya san inda murya ke bukatar numfashi. Ka ɗauka kana cikin sutudiyon Philips da ke Stanhope Place, kusa da Marble Arch. Ɗaki ne a cike: masu goge irin na Turai a jere, masu ƙaho, fiyano, jita, ganguna, mata 'yan amshi a gefe. Kowane makaɗi ɗan haya ne, takarda a gabansa wadda Ivor Raymonde ya rubuta, kuma an ɗauke shi na sa'a uku ne bisa ƙa'idar ƙungiyar makaɗa. Idan agogo ya cika sai dai a ƙara kuɗi. Ba a da na'urar da za a bi kowane kaya a gyara shi daban kamar yanzu, don haka akasari gaba ɗaya ake bugawa, wanda ya yi kure kowa ya sake. A tsakiyar wannan rugugin ga saurayi ɗan shekara 22 a gaban makirufo, ba ya ihu, ba ya hanzari, yana ajiye kowace kalma a nitse kamar mai ba da labarin mutuwa. Wannan saɓanin, kiɗa kamar hadari murya kuma a kwance, shi ne abin da Ingila ta saya. Yanzu duba ɗakin nan da kyau. John yana nan, yana ɗora siririyar muryarsa a saman ta Scott. Gary fa? Gangar da kake ji a fitattun faifan nan ba tasa ba ce, ta 'yan haya ce.

Sakamakon bai ɗauki lokaci ba. "Make It Easy on Yourself", wadda Burt Bacharach da Hal David suka rubuta, ta hau matsayi na ɗaya a Satumba 1965, wata bakwai da saukarsu. Wadda ta biyo ta ta kai na uku. A Maris 1966 "The Sun Ain't Gonna Shine Anymore" ta hau na ɗaya ta yi mako huɗu a can. Kundinsu biyu na farko kowanne ya kai na uku. Wani abin lura shi ne dukkan waƙoƙin nan na Amurka ne: ta farkon Jerry Butler ya riga ya yi tashe da ita a 1962, ta ƙarshen kuma Frankie Valli ya rera ta a 1965 ba ta je ko'ina ba. 'Yan Amurka ne ke rera waƙoƙin Amurka da makaɗan Ingila, suna sayar wa Ingila. Idan ka ce dillalai ne ba ka yi ƙarya ba, sai dai dillalan da suka ƙara wa kaya daraja.

Daga nan sai hauka. A lokacin har ana cewa ƙungiyar masoyansu ta fi ta Beatles yawan mambobi. Ko da an ƙara gishiri, maganar ta nuna maka yanayin. Wasanni da yawa ba a kai ƙarshensu ba, domin 'yan mata kan afka wa dandamali, a yaga riga, a ja gashi, 'yan sanda su tsayar da taro. Babu mai jin waƙar saboda ihu. John da Gary sun iya da wannan rayuwa. Scott bai iya ba. Mutum ne mai kunya, mai tsoron dandamali, wanda ya ɗauki waƙa da gaske, ga shi kullum dare yana buɗe baki ba a jin abin da yake faɗa. Ya koma sa baƙin tabarau, ya koma shan giya, ya koma ɓuya. A 1966 har ya tafi gidan ibadar Quarr Abbey da ke tsibirin Wight don ya huta ya koyi waƙoƙin ibada na sufayen Kirista, masoya suka gano inda yake suka yi dafifi a ƙofa, dole ya tattara ya fito.

Ka ga inda matsalar ta kwanta. Wanda ake so ba ya son abin, wanda ke son abin ba shi ake nema ba. John ne ya kafa ƙungiyar, sunan da ya zaɓa wa kansa ne kowa ke amsawa, shi ne jagoran waƙa kafin a hau jirgi. A Landan ya wayi gari ɗan amshi. Kuma ba wai ba ya iyawa ba ne. Muryarsa mai daɗi ce, kuma idan ka cire ta daga faifan nan za ka ji sun rame. Amma kamfani ba ya rabon adalci, abin da ya sayu jiya shi zai maimaita gobe. A ƙungiyar mutum biyar irin wannan ciwo kan ɓuya, domin akwai masu shiga tsakani. A ta mutum uku ba shi da wurin ɓuya, musamman idan na ukun ba ya cikin faifan balle ya yi alƙalanci. A ƙarshen 1966 Philips ta fitar da wani ƙaramin faifai, gefe ɗaya waƙoƙin John shi kaɗai, ɗaya gefen na Scott shi kaɗai. Duk wanda ya san harkar, da ganin wannan ya san an fara rabon gado tun mai shi yana da rai.

Sai batun kuɗi, wanda masu ba da labarin taurari ba sa son taɓawa. A wancan zamani ƙaramin faifai sule 6 da kwabo 8 ne, fam ɗaya ya saya maka uku. Mawaƙi ɗan abin da kwantiragi ya yanka masa yake samu, shi ma a raba uku bayan manajoji sun cire nasu. Marubucin waƙa da kamfanin da ke riƙe masa haƙƙi kuwa doka ce ta yanka musu kashi 6.25 cikin ɗari na farashin kowane faifai, sannan duk lokacin da rediyo ya sa waƙar akwai wani kuɗin daban, kuma wannan ba ya yankewa don mawaƙi ya daina tashe. Tunda manyan waƙoƙin Walker Brothers duk na wasu ne, wannan kuɗi mai ɗorewa Amurka yake komawa, aljihun mutanen da ko jirgi ba su hau ba. Akwai wata 'yar ƙofa guda. Faifai gefe biyu ne, kuma kason marubuta raba shi ake yi tsakanin waƙar gaba da ta baya, ko da ba wanda ya juya faifan. Scott ya fara rubuta waƙoƙin baya. Nan ya samu ɗan kuɗi, nan kuma ya samu fili, tunda ba mai sa ido a kan gefen baya. A ɗaya daga ciki har ya sa aka je wani babban gidan silima a Leicester Square don a naɗi katafaren ogan, wato abin kiɗa mai bututu irin na coci, da ke wurin. Mai neman ya san inda Scott ya dosa tun 1966, ya juya faifan.

Bayan Maris 1966 lambobinsu a jadawali suka fara zamewa: 13, 12, sannan suka daina shiga ashirin na farko. Dalilin ya fito fili a zagayensu na ƙarshe a Birtaniya, wanda aka buɗe ran 31 ga Maris 1967 a gidan wasa na Astoria da ke Finsbury Park. Walker Brothers ne manyan baƙi. A ƙarƙashinsu akwai Cat Stevens, da Engelbert Humperdinck, da wani Ba'amurke da ya zo Landan wata shida da suka wuce, Jimi Hendrix. A daren farko Hendrix ya kwantar da jitarsa a dandamali, ya tsiyaya mata man ƙyastu, ya cinna mata wuta, har ya ɗan ƙone hannu. Washegari labarinsa ake yi, ba na masu taron ba. Ka duba jerin sunayen nan, za ka ga an yi wa Walker Brothers ƙawanya a kan fostarsu. Matasa masu son sabon abu Hendrix ya kwashe su. Masu son mawaƙin da ke rubuta abinsa da kansa ga Cat Stevens. Iyaye mata masu son waƙar soyayya mai nauyi kuma ga Engelbert, wanda a farkon shekarar ya hana Beatles kansu hawa matsayi na ɗaya. Ba abin da ya rage musu sai 'yan mata masu ihu, su kuma girma suke yi. Zagayen ya ƙare a ƙarshen Afrilu, a watan Mayu aka sanar kowa ya kama gabansa.

Za ka iya tambaya, me ya hana su komawa gida da nasarar, kamar yadda Hendrix ya yi? Shi a Yuni 1967 ya tsaya a bikin Monterey a Kalifoniya, ya sake ƙona jita, Amurka ta karɓe shi hannu bibbiyu. Su ma ba a ce Amurka ta yi biris da su ba: manyan waƙoƙinsu biyu sun kai na 16 da na 13 a Billboard. Amma nan abin ya tsaya. Amurka ƙasa ce da sai ka bi ta gari-gari, rediyo-rediyo, wata da watanni, su kuwa suna Ingila inda kuɗin yake a hannu, ga kuma maganar ɗibar soja. Sannan sautinsu na sutudiyo ne; ba za ka loda makaɗan Franz a mota ka zaga da su jihohi ba. Babban dalilin dai a wurina shi ne Hendrix ya koma da abin da Amurka ba ta da shi, su kuwa da sun koma, da abin da ta riga ta mallaka za su koma. Fita waje ba ta canza kayansu ba, wurin sayarwa kawai ta canza.

Kwatanta su da wasu mawaƙa uku da suka sauka Ingila a watan Fabrairun 1967, daidai lokacin da waɗannan ke shirin watsewa: Bee Gees, da suka taso daga Ostireliya a jirgin ruwa. Su ma sun faɗa hannun mutum ɗaya mai ƙarfi, manajansu Robert Stigwood. Su ma ciwon nan ya kama su, domin a 1969 Robin ya fice saboda an sa waƙar Barry a gaban faifai an tura tasa baya. Bambancin biyu ne. Su 'yan'uwa ne na jini, fushi ya huce suka dawo a 1970. Kuma su ke rubuta waƙoƙinsu, don haka da kasuwa ta juya musu baya suka sake ƙaura zuwa Miami a 1975, suka sauya salo da hannunsu. Walker Brothers 'yan'uwantakar ta suna ce, waƙoƙin na aro ne, sautin na Franz ne. Da iska ta kaɗa ba su da abin riƙewa.

Wani abin dariya, bayan sun watse sai ga wata ƙasar wajen ta kira su. Japan ta kamu da sonsu a makare, suka sake haɗuwa na ɗan lokaci suka yi zagaye a can a Janairu 1968, har aka naɗi wasansu na Osaka aka fitar. Gary ya ci moriyar wannan fiye da kowa, domin sabuwar ƙungiyarsa, Gary Walker and the Rain, a Japan ta samu karɓuwa ba a Ingila ba. Mutumin yana da hancin shinshino kasuwa, wannan ba a ƙwace masa ba. John ya fitar da waƙa ɗaya da ta shiga talatin na farko a 1967, daga nan shiru.

Scott kuwa ya samu abin da ya kawo shi Turai tun farko. Ya gano waƙoƙin Jacques Brel, mawaƙin Beljiyam mai rera zancen karuwai da sojoji da mutuwa, ya rera su da Turanci, har BBC ta hana sa ɗaya daga ciki. Kundinsa na farko ya kai na uku a 1967, na biyu ya hau na ɗaya a 1968, na uku ya kai na uku a 1969, BBC ta ba shi shirin talabijin nasa na kansa. Sai ya fitar da na huɗu a ƙarshen 1969, waƙoƙin duka rubutunsa, ya kuma sa sunansa na yanka, Engel, maimakon Walker. Bai ko shiga jadawali ba. Yau masana da yawa na ganin shi ne mafi kyawun aikinsa, ni ma ina cikinsu, amma a lokacin faɗuwar ta karya masa gwiwa, ya shafe shekaru yana rera abin da kamfani ya miƙo masa. A 1970 ya karɓi takardar zama ɗan Birtaniya.

A 1975 bukata ta sake haɗa su uku a kamfanin GTO. Suka rera "No Regrets" ta Tom Rush, waƙar aro kamar kullum, muryar Scott a gaba kamar kullum, ta kai na bakwai a farkon 1976. Kundi na biyu bai sayu ba. Lokacin na uku kamfanin ya riga ya kama hanyar rufewa, ba mai leƙo su balle ya ce ga abin da za a rera. A karon farko tun kafuwar ƙungiyar kowa ya rubuta nasa ya rera nasa: Scott huɗu, John huɗu, Gary biyu. Kundin, Nite Flights, ya fito a 1978 bai yi kasuwa ba. Idan ka saurare shi za ka ji ba ƙungiya ba ce, mutum uku ne suka yi karo-karon faifai ɗaya. Amma waƙoƙin Scott huɗun nan, masu duhu da sautin na'ura, sun shiga kunnen fitattun mawaƙan Ingila David Bowie da Brian Eno, har Bowie ya sake rera ɗaya a 1993, kuma daga kansu Scott ya ɗauki hanyar da ya bi har ƙarshen rayuwarsa, yana fitar da kundi jefi-jefi, 1984, 1995, 2006, 2012, kowanne ya fi na baya wuyar sauraro.

John ya koma Amurka da zama, amma a shekarun 2000 idan zai yi zagayen wasa Birtaniya yake zuwa, cikin ayarin tsofaffin taurarin shekarun 1960, domin can ne ake sayen tikiti da sunansa. Ya rasu a Los Angeles ran 7 ga Mayu 2011. A 2017 BBC ta shirya dare guda a zauren Royal Albert Hall don waƙoƙin da Scott ya yi tsakanin 1967 da 1970, wasu mawaƙa suka rera su da cikakkun makaɗa, har da na kundin nan da aka ƙi saye. Scott ya rasu a Landan ran 22 ga Maris 2019 yana da shekara 76.